Gidan rediyon da masu sayar da inshora suka kafa

Wani matashi mai koyon aikin rediyo ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, na ji an ce a Amurka akwai gidajen rediyon da tun safe har dare ba sa saka komai sai kiɗan kantiri, irin na su Don Williams da babanmu yake ji a mota. Ya aka yi aka fara haka, kuma yaya suke tsara shirye-shiryensu har mutane ba sa gajiya?"

Abin da ka ji gaskiya ne, ɗana. Irin waɗannan tashoshi sun haura dubu biyu a Amurka, yawancinsu a ƙananan garuruwa. Amma in na ce zan ba ka labarinsu a dunƙule, ba za ka fita da komai ba. Bari in kama guda ɗaya, WSM ta birnin Nashville a jihar Tennessee, wadda take kan mita 650 a matsakaicin zango, don kusan duk abin da sauran suke yi a yau daga wurinta ko daga irinta suka gada. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, ba son kiɗa ne ya kafa tashar ba. 'Yan kasuwa ne suka kafa ta, kuma kiɗan da kake ji yau rediyo ne ya sassaƙa shi ya ba shi kamannin da yake da su.

Kamfanin da ya buɗe WSM ranar 5 ga Oktoba, 1925, kamfanin inshora ne mai suna National Life and Accident. Haruffan nan uku ma daga kirarin kamfanin aka ciro su, kirarin da ke cewa su ne garkuwar miliyoyin mutane. Inshorar da suke sayarwa ta talakawa ce: leburori da ƙananan manoma, baƙaƙe da farare, suna biyan 'yan kwabbai duk mako, wakilin kamfani yana bi gida-gida yana karɓa, kamar dai mai adashi. Ɗan ɗaya daga cikin masu kamfanin, Edwin Craig, shi ne ya kamu da son rediyo, ya dage har dattawan suka yarda aka ware wuri a hawa na biyar na ginin ofishinsu. Hujjar da ya ba su mai sauƙi ce: in mutum ya saba jin sunanka a cikin ɗakinsa da dare, gobe in wakilinka ya yi sallama a ƙofa ba baƙo ba ne.

Da farko kiɗan manya suke sakawa, na masu kwat da laƙtaye. Bayan 'yan makonni suka ɗauko wani mai gabatar da shirye-shirye daga tashar WLS ta Chicago, George D. Hay, wanda ya riga ya yi suna a can da wani shirin kiɗan ƙauye na daren Asabar. Shekarunsa talatin kacal, amma ya laƙaba wa kansa sunan tsohon alƙali, yana magana a iska kamar dattijo. Ranar 28 ga Nuwamba, 1925, ya zaunar da wani tsoho ɗan shekara 77, Uncle Jimmy Thompson, a gaban makirfo da gogensa irin na Turawa, wata 'yar ɗan'uwansa tana raka shi da fiyano. Tsohon ya yi ta goge, saƙonni suka yi ta shigowa ana neman ƙari. Daga wannan dare ake ƙirga shekarun shirin da har yau ba a daina ba, wanda ya cika shekara ɗari a 2025.

Manyan gari ba su ji daɗi ba. Nashville gari ne mai ji da kansa da jami'o'i da ilimi, suna ganin wannan goge na mutanen kan tudu zubar musu da mutunci ne a idon duniya. Suka yi ta ƙorafi. Abin da ya ceci shirin wasiƙu ne: na masu so suka rinjayi na masu ƙi, kuma masu son su ne ainihin masu sayen inshora. Sunan shirin ma daga tsokanar waɗannan manya ya fito. A 1927, shirin da ke gabansa na kiɗan opera ne da ake haɗowa daga New York. Da aka gama, Hay ya ce wa masu sauraro sun sha opera ta manya, yanzu kuma ga tasu ta gida, ya karya kalmar yadda baƙauye zai faɗe ta: Grand Ole Opry. Sunan ya zauna.

A nan ne nake so ka buɗe ido, tunda aikin kake koya. Da yawa daga makaɗan nan na farko ba ƙauyawa ba ne kamar yadda aka nuna su. Akwai masu sana'a a cikin birni, kuma shugaban ɗaya daga ƙungiyoyin farko, Humphrey Bate, cikakken likita ne. Hay ne ya canja wa ƙungiyoyin sunaye zuwa na barkwanci, irin su mafarautan dabbar daji da masu tsallake kwazazzabo, ya sa suka tuɓe kwat suka sa kayan gona da hular kaba aka ɗauke su hoto. Wato ƙauyancin da aka sayar wa duniya, rabinsa ɗinki ne na mai shirya shiri. Ni ban ɗauki wannan abin kunya ba. Kowane shiri da ya daɗe a iska akwai wanda ya zauna ya ɗinka masa riga. Abin kunyar yana wani wuri. Ɗaya daga taurarin shirin na farko baƙar fata ne, DeFord Bailey, gwanin busa hamonika wanda yake kwaikwayon tafiyar jirgin ƙasa da bakinsa har ka rantse jirgin ne. Ya yi shekara goma sha biyar ana cin moriyarsa, a 1941 aka sallame shi a tsakiyar wata rigima kan haƙƙin mallakar waƙoƙi, ya koma sana'ar goge takalma a garin. Ga kuma banjo, kayan kiɗan da ake ɗauka tambarin Turawan karkara ne: asalinsa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi da ƙwarya da fata, dangin gurmi da garaya ne in ka dube shi da kyau. An daɗe ana share wannan daga labarin.

Abin da ya fitar da WSM daga tashar gari zuwa tashar rabin ƙasa ƙarfe ne. A 1932 aka ba ta izinin watsawa da ƙarfin wat 50,000, ga shi kuma an riga an keɓe mata mitarta da dare, ba wata tasha da za ta hau kai. Suka kafa eriya a Brentwood, kudu da birnin, mai tsawon ƙafa 878, siffarta kamar an haɗa gindin dala biyu, ciki a tsakiya, tsini sama da ƙasa. A 1939 aka rage mata tsawo zuwa ƙafa 808 don injiniyoyi sun gano tsawon yana sa siginar tana cin karo da kanta a wasu garuruwa. Tana nan tsaye har yau.

Wannan ba zai yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama Rediyon Kaduna ya san da rana muryar takan shaƙe in ka yi nisa, amma da zarar an yi sallar isha sai ta fito tangaran, har mutanen Nijar da Kamaru da Gana su aiko da gaisuwa. Dalili shi ne, da dare wani sashe na sararin sama yana mayar da siginar matsakaicin zango ƙasa kamar madubi, ta faɗa ɗaruruwan kilomita daga inda ta tashi. Da rana kuwa hasken rana yana haifar da wani shimfiɗi a ƙasa da wancan da ke shanye ta. Haka WSM take isa jihohi sama da talatin da dare. Ka tuna kuma a shekarun 1930 yawancin gidajen karkarar kudancin Amurka ba lantarki. Rediyo mai batir ce, ana tattalin batirin duk mako saboda daren Asabar, maƙwabta su taru a gidan mai ita. Wakilan kamfanin kuma suka samu abin da Craig ya yi musu alkawari: su yi sallama su ce daga gidan Grand Ole Opry suke, a shimfiɗa musu kujera.

Jama'a suka fara cika ofishin inshora don su ga makaɗan da idonsu, har abin ya gagari masu gini. Aka yi ta ƙaura da shirin daga wannan zaure zuwa wancan, aka sa kuɗin shiga kwabo 25 na Amurka don a rage cunkoso, bai rage ba. A 1943 aka sauka a Ryman, tsohon ɗakin wa'azi mai bencina na katako, ba na'urar sanyaya ɗaki, aka zauna shekara talatin da ɗaya. A 1974 aka koma sabon zaure mai ɗaukar mutum wajen 4,400, aka yanko wani da'irar katako daga dandamalin Ryman aka dasa a tsakiyar sabon, a kansa kowane mawaƙi yake tsayawa. Tun 1939 kuma babban kamfanin rediyo na NBC ya fara ɗaukar rabin awa na shirin yana watsawa a faɗin ƙasa, wani kamfanin taba yana ɗaukar nauyi.

Sakamakon da ba wanda ya tsara shi ne wannan. Dokar shirin ta tilasta wa mawaƙi ya bayyana a daren Asabar sau da yawa a shekara, har an taɓa kai ta sau 26. Kuɗin da ake biya ba wani abin kirki ba ne, amma wanda aka ji shi a WSM ranar Asabar zai cika zaure a ko'ina ranar Talata. To dole ya zauna kusa. Da mawaƙa suka tare a Nashville, sai masu rubuta waƙa suka biyo, sai kamfanonin faifai. Ɗakin ɗaukar faifai na kasuwanci na farko mai ƙarfi a garin ma injiniyoyin WSM ne su uku suka buɗe shi a wani otal bayan yaƙin duniya na biyu. Laƙabin birnin kiɗa da garin yake taƙama da shi, wani mai gabatarwa na tashar, David Cobb, ne ya fara faɗarsa a iska wajen 1950. Shi ya sa na ce maka rediyo ne ya yi kiɗan.

Yanzu ga abin da zai ba ka mamaki. Duk wannan suna, WSM ba ta koma kantiri zalla ba sai wajajen 1980. Kafin nan tashar kowa-da-kowa ce, kamar gidajen rediyon jihohinmu: labarai, wasan kwaikwayo, kiɗan zamani, shirin manoma. Kantiri yana da asuba da tsakar dare da ƙarshen mako. Da asuba, kafin ƙarfe shida, kamfanin garin fulawa na Martha White yana ɗaukar nauyin kwata na awa na makaɗan nan biyu Flatt da Scruggs tun 1953, daidai lokacin da matan karkara suke kwaɓa fulawar karin kumallo. Da tsakar dare kuma, daga 1957 zuwa 1972, mai gabatarwa Ralph Emery yana zaune har gari ya waye, direbobin manyan motoci suna jin sa a kan hanya, mawaƙan da suka dawo daga tafiya suna shigo masa ba sanarwa su zauna hira.

Tsarin tasha ɗaya kiɗa ɗaya daga wani wuri ya zo, kuma tsoro ne ya kawo shi. A shekarun 1950 talabijin ya kwashe wasannin kwaikwayo da manyan masu talla, rediyo ya rasa abin cika lokaci sai faifai. Sannan kiɗan matasa irin na su Elvis Presley ya zo ya share kantiri daga tashoshi da yawa. Tashar KDAV ta Lubbock a Texas, wadda ta buɗe a 1953, tana cikin na farko da suka ce su kantiri kawai za su saka. Masu harkar suka kafa ƙungiya a 1958, CMA, babban aikinta a farko shi ne bin masu gidajen rediyo da masu talla tana nuna musu cewa mai jin kantiri yana da albashi, yana sayen mota da firji. A ƙidayar da suka yi a 1961, tashoshin kantiri zalla 81 ne a duk ƙasar. Ka kwatanta da yau.

To yaya ake tsarawa? Ka zana da'ira a takarda kamar fuskar agogo, ka yanka ta kamar kankana. Wannan ita ce awa ɗaya, kuma ita ce ƙashin bayan duk tashar. A kan ƙarfe daidai dole a faɗi haruffan tasha da garinta, wannan doka ce ta hukumar sadarwa. Sai waƙa mafi tashe, don wanda ya murɗo ya tsaya. Waƙoƙin an kasa su rukuni-rukuni: akwai 'yan ƙalilan masu zafi da ke dawowa duk bayan 'yan awoyi, akwai masu tasowa, akwai sababbi da ake gwadawa jefi-jefi, akwai waɗanda suka sauka daga tashe amma ba a gaji da su ba, sai tsofaffin zuma. Kowane yanki na agogon an rubuta rukunin da zai shiga. Sabuwar waƙar da ba a sani ba, ana sa ta ne tsakanin sanannu biyu, kamar yadda ake ba yaro magani a cikin kunu. Talla kuma a tara ta wuri biyu ko uku a awa. Kwamfuta ce take jera waƙoƙin yanzu bisa ƙa'idojin da shugaban shirye-shirye ya ba ta: kar mawaƙi ɗaya ya dawo kusa-kusa, kar masu sanyi uku su biyo juna, kar waƙar da aka ji ƙarfe bakwai jiya ta sake faɗowa ƙarfe bakwai yau.

Ka ce ba sa gajiya? Mai gabatarwa yana gajiya, mai sauraro ne ba ya gajiya, don ba ya zama awa shida. Yana shiga mota, ya ji minti ashirin, ya sauka. A cikin minti ashirin ɗin nan yana so ya ji wadda ya sani. Na koyi wannan da wuya. A wani gidan rediyo da na yi aiki, ina da shirin zaɓi-sonka, na gaji da wata waƙa da ake nema kullum, na ɓoye kaset ɗin a aljihun tebur na ce ya ɓace. Mako bai cika ba wasiƙu suka taru, har wata dattijuwa ta aiko jikanta da nata kaset ɗin a ƙulle cikin leda, wai tunda namu ya ɓata ga aro. Na fito da namu na saka.

Ranar ma an yanka ta. Daga shida zuwa goma na safe shi ne lokaci mafi tsada, a nan ake sa gwanayen masu surutu, mutum biyu ko uku, da labarin yanayi da cunkoson hanya da kacici-kacici. Tsakar rana waƙa ta fi magana yawa, don mutane suna wurin aiki. La'asar a sake ɗaga murya saboda masu komawa gida.

A ƙaramin gari kuwa, abin da ke riƙe tashar kantiri sau da yawa ba waƙar ba ce. Farashin masara da waken soya da shanu da sassafe. Sanarwar rasuwa da lokacin jana'iza. Shirin da mutum zai bugo waya ya ce yana da tsohuwar tarakta ko 'yan maruƙa na sayarwa, ga lambarsa. Ƙwallon makarantar sakandaren garin daren Juma'a kai tsaye, da wa'azin coci safiyar Lahadi. In guguwa ta taso, nan kowa yake murɗowa. Cire Turancin, ka ga sanarwar ɗaurin aure da cigiyar akuya da muke yi. Waƙar tana cike tsakanin waɗannan ne, tana kuma gaya wa mai sauraro cewa gidan na irinsa ne.

Shi kansa Grand Ole Opry tsarinsa na tsohon rediyo ne da aka daskarar. An saba yanka daren kashi-kashi na rabin awa, kowane kashi da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Mawaƙi ya fito ya yi waƙa biyu ko uku ya ba wani wuri, tsoho ɗan shekara tamanin ya sauka yarinyar da ta fito bana ta hau, a sa mai barkwanci, a sa masu rawa. Mai sanarwa yana tsaye a gefen dandamali yana karanta talla da bakinsa, mutum dubu huɗu da suka sayi tikiti suna zaune suna jira ya gama. Ba su zo kallon wasa ba ne a haƙiƙa, sun zo kallon yadda ake yin shirin rediyo. Ko ambaliyar 2010 da ta cika zauren da ruwa ba ta tsayar da shi ba, wasu zaurukan aka ara. A 2020 lokacin korona an yi shi ba kowa a kujeru.

Ba zan ɓoye maka inda tsarin ya lalace ba. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a ƙasar, cikin 'yan shekaru wani kamfani ya tara sama da dubu. Sai ya zama jerin waƙoƙin gari ɗari a ofis ɗaya ake rubuta shi, mai gabatarwa yana wani birni yana naɗar gaisuwar garin da bai taɓa takawa ba. Jerin ya ƙuntata, tsofaffin mawaƙa suka ɓace daga iska, mata ma aka matse su. A 2015 wani mai ba tashoshi shawara ya faɗa a fili cewa kar a saka waƙoƙin mata biyu a jere, wai maza su ne ganyen salak, mata tumatir ne na ado. An yi masa ca, amma abin da ya faɗa shi ne abin da tashoshi da yawa suke yi a ɓoye. A ganina wannan ragwanci ne da aka sa wa rigar bincike: ka hana mutane jin abu, sannan ka ce ba su saba da shi ba.

Ita ma WSM ta kusa tafiya. Kamfanin inshorar ya daɗe da fita, tashar ta koma hannun kamfanin Gaylord a 1983, matasa kuma sun koma FM. A farkon 2002 labari ya fita cewa za a mayar da ita tashar hirar wasanni. Masu sauraro suka yi ta kira da rubutu, wasu suka fito da kwalaye, manyan mawaƙa suka sa baki, kamfanin ya janye. Ka ga wasiƙun da suka ceci shirinta a shekarun 1920 su ne suka sake ceton ta. Abin da take yi yanzu ya bambanta da na yawancin tashoshin FM: tana haɗa tsofaffin faifai da sababbi, tana kawo mawaƙa su yi kiɗa kai tsaye, kuma masu gabatarwarta suna da 'yancin ba da tarihin waƙa. Eddie Stubbs, wanda ya riƙe shirin dare kusan shekara ashirin da biyar kafin ya yi ritaya a 2020, yakan gaya maka ranar da aka ɗauki faifai da sunan wanda ya kaɗa kowane abu a ciki.

In kana so ka ji da kunnenka, tashar tana watsawa ta intanet. Shirin Asabar yana farawa ƙarfe bakwai na yammacinsu, wato ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya da Nijar, ko ƙarfe biyu in suna lokacin sanyi. Ka ajiye takarda da biro, ka zana da'irar nan, ka riƙa rubuta abin da ya shigo da mintin da ya shigo. Washegari ka yi wa tashar da kake koyon aiki haka, ka ɗora takardun biyu gefe da gefe, ka kawo mini mu duba.